Wanda Ya Ba Rifkatu Gona

To, ku shigo ku zauna. Kujerun ba za su ishe ku ba, mutum biyu su hau kan akwatin can, ba komai a ciki sai tsofaffin fayil. Wayoyin nan kuma a mayar da su aljihu, don ni ba na magana da tsakar kan mutum.

Kafin in ba kowa aiki akwai abin da zan faɗa. Da kuka iso ɗazu kun tarar da wata mata zaune a benci a bakin ƙofa, kuka tambaye ta ko ina nan, ta ce muku, "Mama Lauya yana ciki, shi yana salla." Na ji ta, na kuma ji dariyarku ta taga. Kai mai tabarau har da maimaitawa kana riƙe ciki. Ban ce kun yi wani babban laifi ba. Duk wanda ya taso da Hausar Kano ko ta Zariya ya sauka a Mubi, sai ya yi wannan dariyar a makonsa na farko. Amma ku ba yawon buɗe ido ya kawo ku ba, aikin lauya kuka zo koya a hutunku, saboda haka sai kun ji abin da ke cikin wannan "shi" ɗin.

Makarantarku na san ta. An taɓa gayyata ta in yi wa 'yan ajin ƙarshe magana, aka zagaya da ni sashen shari'a tun daga ƙofa har ƙurya. Jami'a ce mai zaman kanta, kuma iyayenku sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu. Na ga ɗakin karatu cike da littattafan da ni sai da na yi shekaru ina aiki kafin in taɓa irinsu. Na ga yarinya ta danna kwamfuta, hukuncin Kotun Ƙoli ya fito mata kafin in gama gyara mayafina. Shekara biyar ana ɗura muku dokar kwangila da ta laifuka da ta filaye da ta shaida, da shari'ar Musulunci, kuna yawo cikin fari da baƙi, sannan ku wuce makarantar horar da lauyoyi. Malamanku sun san aikinsu, wannan ba na musu. Har kotun gwaji gare ku, da kujerar alƙali da akwatin tsayawar shaida, ga sanyin esi. Suka zaunar da ni a kujerar alƙalin na saurari shari'a guda ta wasa, yara suka yi ta zuba Turanci har na ji daɗi. Sai dai shaidar da suka yi wa tambayoyi abokin karatunsu ne, tare suka karya kumallo, ya haddace abin da zai faɗa, kuma duk abin da ya faɗa shi yake nufi. Ni a duk shekarun da na yi a garin nan ban taɓa samun shaida irin wannan ba.

Na fara aiki a shekarar da aka raba Gongola aka fitar da Adamawa. Mahaifina tela ne a Sabon Layi, iyayensa daga ƙasar Katsina suka zo, saboda haka a gidanmu Hausar Katsina ake yi, in ka fita waje kuma ka yi ta gari. Ya kai ni da kansa wurin wani tsohon lauya mutumin Michika, Baba Vandi, Kirista ne, mahaifina ke ɗinka masa kaya. Ofishinsa ɗaki biyu ne a hanyar kasuwa. Kayan aikinmu tafireta ce mai cin yatsu, da takardar kabon, da babur ɗaya da muke hawa bi da bi da magatakarda. Hular gashin nan da kuke mafarkin sa wa, a gwangwani take zaune, kuma ranar da kuka sa ta a zafin bazarar Mubi za ku san ba ado ba ce. Baba Vandi ya ce da ni kayan aikin lauya na gaske guda biyu ne a ƙasar nan, benci da takalmin ruwa. Benci don sauraro, takalmi don zuwa ganin abin da ake faɗa a kai.

Watannin farko bai bar ni na buɗe baki a kotu ba. A gefensa nake zama ina ji. Ina tuna wani manomi da ya sauko daga kan dutse ran kasuwa, ya tsuguna ya ce, "Maƙwabcina ya fasa wa yarona kai da fartanya." Magana ta fito sarai, ni a ganina ba sauran tambaya. Baba Vandi ya cire tabarau ya ce, "Maƙwabcin nan, shi wa?" Mutumin ya ce, "Hannatu." Ya ce, "Yaron fa, me sunansa?" Ya ce, "Ladi." Ashe mace ce ta bugi yarinya. Da mutumin ya fita Baba Vandi ya juyo ya ce, "'Yar tela, kin ji? Nan Hausa aro ce. Mutum yana da yarensa a gida, ga Fulatanci, Hausa ita ce ta uku a bakinsa. Fulatanci ba ruwansa da namiji ko mace a wannan wurin, haka yaruka da yawa na ƙasar nan. In ya ce shi, bai gaya miki komai ba tukuna. Ki tambayi suna, ki kuma tambaya namiji ne ko mace, ko da zai ɗauke ki mahaukaciya." Sau da yawa kuwa an ɗauke ni hakan. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini, "Kai lauya ne ko kurma?"

Masu zuwa wurinmu yawancinsu ba 'yan kwangila ba ne. 'Yan kasuwar shanu ne, da masu shaguna, da manoma, kuma da zarar hadari ya fara haɗowa sai rigimar gona ta cika benci. Shari'ar gona ba a ofis ake cin ta ba. Na sha naɗe baƙar riga in cusa a leda in ɗora a kai, in tsallake mayo, wato rafi, ruwa har gwiwa, don alƙali ya ce a je a ga iyaka. Iyakar kuwa ba siminti ba ce. Wani suri ne, ko kututturen ɗorawa, ko layin duwatsu da kakan wani ya jera, sai kuma tsofaffin da suka san wanda ya jera su. In tsofaffin nan suna raye kana da shari'a. In sun mutu sai ka dogara da bakin wanda ya ɗauke ka, kuma a babbar kotu bakin nan sai an mayar da shi Turanci a takarda, ya rantse a kai, kafin ma ya ga fuskar alƙali.

Sai shekarar gudu ta zo. Ku kuna sakandare lokacin, a labarai kuka ji. Michika ta fara faɗawa hannun 'yan tada ƙayar baya, mutanenta suka cika mana gari, Baba Vandi a cikinsu, ya tsufa ƙwarai, a bayan babur aka kawo shi. Ba a daɗe ba suka shigo Mubi, dawa ta nuna a gona ba mai girbi. Wasu suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru, wasu suka nufi Yola a ƙafa. Ni na fita da abin da ke jikina da jikoki biyu. Baba Vandi a Yola ya rasu, a ɗakin aro, ba a kai shi gida ba. Da muka dawo na tarar da ƙofar ofishin nan a ɓalle, fayil a watse a ƙasa, awaki sun kwana a kansu. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi shi ne tsofaffin da suka san iyakoki, wasu an kashe, wasu wahalar hanya ta tafi da su, wasu ba a san inda suke ba. Wanda ya riga dawowa ƙauye ya shuka inda ya ga dama.

A nan Rifkatu ta shigo. Mutumiyar Vimtim ce, nan kusa da Mubi, manomiya, an kashe mijinta a hanya ranar gudu, ya bar ta da yara huɗu. Tana da gona guda mai kyau a bakin mayo, masara da gyaɗa, ita ce abincinsu ita ce makarantar yaran. Da ta dawo daga Yola ta tarar Ishaya, ɗan baffan mijinta, ya riga ya nome ta. Ya ce gonar kakanninsu ce ta wajen uba, tunda mijinta ya mutu ta koma hannun mazan dangi. Ita kuwa ta san ba haka ba ne. Gonar ta uwar mijinta ce, Dada Maryamu, daga gidan ubanta ta zo da ita, ba ta taɓa shiga dukiyar dangin Ishaya ba. Kuma tsohuwar kafin ta rasu ta ba Rifkatu ita kyauta a gaban dattawa biyu. Ɗaya an kashe shi, ɗayan ya shiga Kamaru ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Ba wurina ta fara zuwa ba, don lokacin ban sake buɗe ofis ba tukuna. Ta koma Yola wurin wasu matasan lauyoyi da ke taimaka wa 'yan gudun hijira kyauta. Wanda ya karɓe ta sunansa Nazifi, Bakano, irin makarantarku ya yi, kuma da sakamako mai kyau ya fita. Ina so ku riƙe wannan, yaron ba malalaci ba ne, ba kuma mai girman kai ba. Zai iya zama a Abuja cikin sanyi, ya zaɓi zama cikin mutanen da ba su da ko tabarma. Ya ba ta kujera, ya ba ta ruwa, ya ce, "Mama, wa ya ba ki gonar?"

Ta ce, "Tsoho wanda ya haifi mijina, shi ne ya ba ni. Shi ya kama hannuna ya kai ni gona, ya ce wannan naka ne, ka ci da yara."

Ku gaya mini, ku da kuka iya Hausa, me kuka ji? Abin da kuka ji shi Nazifi ya ji. Ya rubuta da Turanci cewa mahaifin mijinta ne ya ba ta gonar. Sannan ya yi abin da doka ta ce a yi wa wanda bai iya karatu ba, ya karanta mata da Hausa kafin ta dangwala yatsa. Ya ce, "Surukinki, wanda ya haifi mijinki, shi ya kama hannunki ya ba ki gonar, haka ne?" Ta ce, "E, shi ne." Ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. Duk matakin da aka koya masa ya bi. Suna kawai bai tambaya ba.

Ranar da ta tsaya ba da shaida ba na wurin, amma na karanta abin da aka rubuta, kuma ita da Nazifi kowa ya ba ni labari. Lauyan Ishaya ɗan ƙasar nan ne, tun da ya ga takardar ya san abin da ya samu. Ya tashi a hankali ya nuna mata.

"Wannan yatsanki ne?"

"Nawa ne."

"An karanta miki kafin ki dangwala?"

"An karanta."

"Da aka kawo ki gidan mijinki, babansa yana da rai?"

"A'a. Ni ban gan shi ba. Ya mutu tun mijina yana ƙarami."

"To, Malama Rifkatu, yaya aka yi wanda ya mutu kafin a kawo ki ya kama hannunki ya kai ki gona?"

Ta dubi tafinta, ta dubi alƙali, ta ce, "Ba Baba ba. Dada ne. Shi ne ya ba ni."

"Dadan nan namiji ne ko mace?"

"Mace ne."

Aka yi dariya a kotu, irin wadda kuka yi ɗazu. Lauyan ya juya ya ce, ya mai shari'a, a takarda ta rantse namiji ne, yau a gabanka ta ce mace, kuma ko da takardar aka bi, ita da bakinta ta amsa cewa gonar daga wajen uba ta fito, wanda shi ne abin da muke faɗa tun farko. Kalma ɗaya ta mayar da ita maƙaryaciya, ta kuma miƙa wa Ishaya asalin gonar.

Nazifi bai gane nan take ba. Ya ɗauka tsoro ne ya ruɗa ta ta canza magana, har ya ɗan yi mata faɗa a waje. Sai da ɓangaren Ishaya suka gama kawo shaidunsu abin ya riƙa damunsa, don duk lokacin da ya tambaye ta maganarta ɗaya ce ba ta sauyawa. Wani ya ce masa ya zo Mubi ya ga Mama Lauya. Suka zo tare, suka zauna a inda kuke zaune. Na ce da ita, "Wa ya ba ki gona?" Ta ce, "Tsoho wanda ya haifi mijina." Na ce, "Shi wa? Me sunansa?" Ta ce, "Dada Maryamu." Ban ƙara tambayar komai ba. Yaron nan ya ɗora hannu biyu a ka, ya daɗe bai ɗago ba. Na tausaya masa ƙwarai, amma ita ta fi ba ni tausayi, don har lokacin ba ta san me ya faru ba, kallonmu kawai take yi ɗaya bayan ɗaya.

Muka roƙi kotu ta bari a gyara takardun. Alƙalin ɗan jihar nan ne, ya san yadda ake magana a Vimtim sarai. Amma takardar ba "shi" ta ce ba, cewa ta yi mahaifin mijina, da Turanci, da rantsuwa, da shaidar cewa an karanta mata ta amince. Ya ce gyaran ba na kuskuren alƙalami ba ne, tushen ƙarar gaba ɗaya ake so a canza bayan ɗaya ɓangaren ya rufe shaidarsa, kuma ba wani shaida mai rai da ya ga kyautar. Ya ƙi. Ban ji daɗi ba, har yau ina ganin da ya duba da kyau da ya bari, shi ya sa muka ɗaukaka ƙara. Amma ba zan ce muku ya yi son zuciya ba. Ya kori ƙarar Rifkatu, gona ta zauna a hannun Ishaya.

Damina biyu ke nan yana nome ta. Ita kuwa ƙwadago take yi a gonakin mutane, noma da cirar gyaɗa, babbar 'yarta ta bar makaranta tana tuya a bakin tasha. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta jin muryar kowa, abin da aka rubuta take karantawa, saboda haka ba zan yi muku alkawarin gonar nan za ta dawo ba. Muna dai da ɗan abin riƙewa. An samu labarin dattijon nan da ya shiga Kamaru yana raye a wani ƙauye bayan iyaka, kuma doka tana bari a kawo sabon shaida in an tabbatar ba yadda za a yi a same shi a da. Nazifi ne ya tafi nemansa, a kan babur, da takalmin ruwana. Tun bayan hukuncin ya tattaro kayansa ya dawo Mubi, ɗaki ya kama a Sabon Layi, ni ban kira shi ba.

Kai mai tabarau, na ga kanka ya yi ƙasa, ka riga ka gane. E, ita ce a benci. Ta zo jin ko Nazifi ya dawo. Yanzu za ku fita ku gaishe ta yadda ake gaida uwa, sannan ku shigo da ita, ku zauna ku ji labarin daga bakinta. Wanda ya ji "shi" bai tambayi suna ba, gobe kada ya zo mini ofis.

Abu ɗaya ya rage. Da za mu shigar da ɗaukaka ƙarar na kira ta ita kaɗai, na yi mata bayani dalla-dalla, da Hausa da ɗan Fulatancin da na iya, har ta gane inda gonarta ta bi ta fita. Na ce haƙƙinta ne, in tana so a cire Nazifi daga shari'ar in riƙe ni kaɗai, ba wanda zai ga laifinta. Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "A'a, Mama Lauya, ka bar shi. Yaron yana da zuciya mai kyau. Hausa ne kawai bai iya ba, amma yana koyo."